Falmaran ta karen farauta a ruwan sanyi: yadda ake zaɓe da yadda ake awo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce bana ce shekarar farko da abokan aikinka suka ja ka farautar agwagin daji a arewacin jihar Minesota ta Amurka. Kana da kare jinsin Labrado, ɗan shekara 2, mai nauyin kilo 31, ka saya masa falmaran ta robar niyofirin mai kaurin milimita 5 ta intanet, kuma ka zaɓi babba don kada ta matse shi. Ranar da ya fara shiga ruwa da ita a watan Nuwamba ya fito yana makyarkyata, da kuka dawo gida ka tarar hammatarsa ta yi jajir. Kana tambaya ko ka nemo wadda ta fi wannan kauri, ko kuwa dama irin wannan kare ba ya bukatar riga.

A shekarun da na yi ina duba karnukan mafarauta a wannan yanki, kuma ni ma ina fita da tawa karyar, na sha jin wannan ƙorafi. Ba a kauri gizo yake saƙar ba. Rigar ta yi masa yawa ne. Da makyarkyatar da jan hammatar duk daga wuri ɗaya suka fito, kuma tausayin da ya sa ka zaɓi babba shi ne ya jawo su.

Sai ka fara sanin yadda wannan roba take aiki, daga nan sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Niyofirin roba ce ta haɗi, wadda masana a kamfanin DuPont na Amurka suka samar a 1930. Irin wadda ake ɗinka riga da ita an hura ta ne ta zama kamar soso, sai dai ƙofofinta a rufe suke, kowace na riƙe da ɗan kumfan iska. Waɗannan kumfa su ne ke tare zafin jiki kada ya fita. Da ita ake yin rigunan masu nutso cikin teku tun farkon shekarun 1950. Ba ta hana ruwa shiga, kuma ba a yi ta don ta hana ba. Ruwa kaɗan zai shiga tsakanin gashin kare da rigar, jikinsa ya ɗumama shi, ya tsaya nan. To idan rigar burmeme ce, wannan ruwa ba ya tsayawa. Duk sa'ad da kare ya miƙa ƙafa yana iyo, wuyan rigar ya buɗe kamar bakin buhu, sabon ruwa mai sanyi ya kwararo ta ƙirji, ya kore wanda ya ɗumama ta baya. Ruwa kuwa yana janye zafi daga jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Karenka ya wuni ne yana dafa ruwan tafki da jikinsa, yana zubarwa, yana sake ɗebo wani. Rigar da ke yawo a jiki kuma gefenta ne ke gurzar hammata a kowane taku, shi ya sa ka ga wurin ya yi ja.

Akwai kuma abin da ya fi sanyi haɗari, wanda na gani da idona. Wata shekara mun je jihar Akansas, inda ake farauta a cikin dazuzzukan da ruwa ya malale, mutum yana tsaye ruwa iya cinya ko ƙugu a tsakanin bishiyoyi. Karyata a lokacin ta ɗan rame saboda yawan aiki, rigar da ta yi mata daidai a farkon kaka ta soma sako-sako a wuya, ni kuma ban kula ba. Na aike ta ɗauko agwagwa, tana kan hanyar dawowa sai na ga ta tsaya wuri ɗaya tana dukan ruwa da ƙafafun gaba, ba ta gaba ba ta baya. Wani reshe da ke ƙarƙashin ruwa ne ya shige ta wuyan rigar ya bi ta ƙirjinta ya riƙe ta. Agwagwar na bakinta ba ta saki ba, hancinta na nutsewa yana fitowa. Allah ya taimake ni wurin ba zurfi, na kutsa na isa gare ta na zuge zif ɗin na zare ta daga cikin rigar. Da a tsakiyar tafki ne, inda ƙafata ba ta taɓa ƙasa, da wani labarin ake yi. Tun daga ranar ba na barin kare ya shiga ruwa da rigar da zan iya cusa hannuna ta wuyanta.

Yanzu batun ko Labrado yana bukatar riga. Gaskiya ne asalinsa karen ruwan sanyi ne. Kakanninsa karnukan masunta ne a tsibirin Niyufanlan na Kanada, daga can aka kai su Ingila aka inganta jinsin. Gashinsa hawa biyu ne, na waje mai kauri da maiƙo wanda ruwa ke zamewa a kai, da na ciki mai laushi wanda ke riƙe ɗumi. Shi ya sa za ka ji wasu tsofaffin mafarauta na cewa karnukansu sun yi shekaru suna fasa ƙanƙara ba riga. Ban ƙaryata su ba. Amma ka duba irin rayuwar da karen yake yi. Wanda yake kwana a waje tun farkon kaka, gashinsa na ciki yana yin kauri da kansa. Naka kuwa, ina kyautata zaton a cikin gida mai na'urar ɗumama ɗaki yake kwana, kamar yawancin karnukan ƙasar nan. Jikinsa bai san hunturu ya shigo ba sai ranar Asabar da asuba da aka jefa shi cikin tafki. Irin wannan kare yana bukatar riga. Haka tsohon kare, da ramamme, da wanda bai cika shekara ba. Jinsin da ke da gajeren gashi, irin su Vizsla da karen nuni na Jamus, su ba ma a tambaya. Wanda ya fi kowa juriya shi ne jinsin Chesapeake na jihar Merilan, mai gashi cukurkuɗe da maiƙo sosai, shi ma a ƙarshen kaka ni sai na sa masa.

Wani abu da sababbin mafarauta ba su cika lura da shi ba: ba a cikin ruwa kare ya fi shan sanyi ba. Ɗauko agwagwa ɗaya minti biyu ne ko uku, kuma yana iyo, tsokarsa na aiki, jikinsa na samar da zafi. Wahalar tana zuwa ne bayan ya fito. Ya dawo sharkaf, ya zauna a gefenka shiru ba motsi, iskar arewa na kaɗawa, ana jiran wani garken agwagi na tsawon rabin awa ko awa guda. Ka tuna randar ƙasa a gida lokacin hunturu, yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yake bushewa da iska, ruwan ciki ya yi sanyi ƙarara. Jiƙaƙƙen kare a cikin iska randa ne. A nan rigar take yin babban aikinta, ta tare iska daga ƙirji da haƙarƙari, inda zuciya da huhu suke.

Kauri kuwa, iri biyu ne za ka fi samu a kasuwa, milimita 3 da milimita 5. Farautar agwagi a Minesota ana buɗe ta ne a ƙarshen Satumba, kwana 60 ake bayarwa a 'yan shekarun nan, saboda haka tana farawa da ɗumi ta ƙare da ƙanƙara. Ga yadda ni nake yi. A makonnin farko, ruwa bai yi sanyi ba, Labrado mai lafiya ba na sa masa komai. Idan ruwa ya sauko ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ko iska ta tsananta, sai mai milimita 3. Idan ya kusa digiri 4 ko 5, har ka ga ƙanƙara ta fara kama bakin tafki da safe, sai mai milimita 5. Idan kuɗin guda ɗaya kake da shi, tunda matsalarka a Nuwamba take, mai 5 ɗin da ka zaɓa daidai ce. Kada ka nemi abin da ya wuce haka, don roba mai kauri sosai tana ƙage kafaɗa, kare ya gaji da wuri. Kuma ka riƙe wannan: mai 3 da ta zauna ɗas ta fi mai 5 da ke lilo ɗumi.

Mu zo kan awo, wanda shi ne zuciyar maganar. Kuskurenka na farko shi ne zaɓe da nauyi. Karnuka biyu masu kilo 31 na iya bambanta ƙwarai a faɗin ƙirji, ɗaya dogo siriri, ɗaya gajere mai faɗi. Nemo tef irin na tela. Tsayar da karen a kan ƙafafunsa huɗu, jikinsa a bushe, kada ya zauna. Zagaya tef ɗin a ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba, inda ya fi faɗi, ka ja shi ya kwanta a kan gashi ba tare da ya nutse cikin nama ba. Wannan shi ne awon da ya fi kowane muhimmanci. Sannan ka auna gindin wuya, ƙasa da inda abin wuyansa yake zama, kusa da kafaɗa. Na uku, ka auna ƙugu a bayan haƙarƙari na ƙarshe. Kowane kamfani da nasa jadawalin, babbar wannan na iya zama matsakaiciyar wancan, saboda haka da lambobin za ka yi aiki, ba da sunan girman ba. A Amurka da inci suke rubutawa, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan awonka ya faɗo tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Robar tana miƙewa, kuma tana ƙara saki idan ta jiƙa ta kwana biyu a jiki. Ƙaramar riga ana iya buɗa mata da almakashi. Babba kuwa ba yadda za ka yi ka rage faɗin ƙirjinta sai da ɗinki.

In da hali, ɗauki karen ka kai shi shagon kayan farauta a gwada masa. Yawancinsu suna barin a shiga da kare.

Idan ka sa masa, ga abin da za ka duba. Cusa yatsa biyu a tsakanin rigar da jikinsa ta baya da ta gefe. Su shiga da ɗan ƙoƙari. Idan tafin hannunka gaba ɗaya ya shige, ta yi yawa. Idan yatsa ɗaya ma ya ƙi shiga, ko ka ga numfashinsa ya canza, ta matse. A gaban ƙirji, ƙarƙashin wuya, rigar ta kwanta lif ba aljihu, don ta nan ruwa da reshe suke shiga. Kama rigar ta baya ka gwada juya ta hagu da dama. Wadda ta yi daidai tare da fatar take motsi, ba ta zagaya jiki.

Sai yanka. Mutane da yawa suna jin tsoron sa almakashi a sabon abu, alhali yawancin waɗannan riguna an yi su ne don a gyara, wasu ma da layin ɗinki a jiki da ke nuna inda za a bi. Niyofirin ba ta warwarewa idan an yanke ta. Ni a garejin gidana nake yi. Na sa wa kare rigar, na durƙusa a gefensa da alli a hannu, na ɗaga ƙafarsa ta gaba na miƙa ta gaba, na mayar da ita baya, kamar yadda yake yi idan yana iyo. Duk inda na ga gefen robar ya naɗe ko ya dunƙule cikin hammata, sai na shata da alli. Na cire rigar, na yanke siriri, bai wuce rabin santimita ba a lokaci guda, na mayar na sake dubawa. Ba a yanka riga tana jikin kare. Sau uku ko huɗu nake maimaitawa kafin in gamsu. Abin da ake so shi ne a sami tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin gefen rigar da lungun hammata. Ta bayan ƙafar da ta ƙasanta ake buɗawa, kada ka ci gaban ƙirjin da yawa, don shi ne garkuwarsa. Idan almakashi ya ratsa ɗinki, ɗiga gam na roba a bakin zaren, irin sholishon masu faci, ka bar shi ya kwana ya bushe. Tunda naka namiji ne, duba ƙarƙashin ciki ma. Idan rigar ta kai gabansa, zai yi fitsari a ciki, ya kwanta a fata ya ci ta. Yanke wurin ya zama kamar baka, ya ba shi sarari.

Bayan an gama, kada ranar farauta ta zama ranar gwaji. Sa masa a tsakar gida, ka jefa masa abin ɗauko sau goma, ya yi gudu na minti 15, ka cire ka duba hammata da yatsa. Idan akwai ruwa kusa da ku, ya shiga ya fito ka ga yadda take idan ta jiƙe. Wasu karnukan ranar farko sukan ƙame wuri ɗaya su ƙi tafiya. Da an jefa musu abin wasa sun manta. Kuma awo ba na sau ɗaya ba ne. Kare mai aiki yakan sauke kilo ɗaya ko biyu kafin kaka ta ƙare, abin da ya faru da tawa ke nan. Shi ya sa na fi son rigar da ke da zif mai ƙarfi a baya tare da faffaɗan mannau na Velcro a kansa, ko wadda mannau ɗin ya yi faɗin da za a iya ƙara matsewa. Zif kaɗai yakan daskare ko yashi ya cushe shi. Mannau kaɗai kuma yakan cika da gashi da ciyayi ya daina kamawa, sai an riƙa tsefe shi da burushi.

Sauran abubuwan da ake tallatawa, biyu ne kawai na ga amfaninsu sosai. Na farko, ƙarin yadi mai tauri a ƙirji. Tafkunan Minesota cike suke da kachala, irin wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, kuma karyayyun kararenta a lokacin sanyi kamar tsinke suke. Ga tsinin ƙanƙara, ga kututturen da ke ɓoye. Na ɗinke ƙirjin karnuka da yawa da riga za ta tsare. Na biyu, mariƙi a baya, idan daga kwalekwale kuke farauta, don ɗago kare mai kilo 31 daga ruwa ba mariƙi aiki ne. Sai dai ya zama mai kwanciya a jikin rigar, ko ramin da aka yanka don sa hannu, ba madauki mai tsayi da reshe zai kama ba. Wasu rigunan ana ƙara musu soso a gefe don taimakon iyo. Yana rage gajiya, amma kada ka ɗauke ta a matsayin rigar ceto. Idan babban ruwa za ku ratsa da jirgi, wannan wata riga ce daban. Launi kuma, agwagi suna ganin launi sosai, saboda haka mai kalar ciyayi ake sa wa karen agwagi, ba ruwan lemo mai haske da ake sa wa karen farautar tsuntsayen tudu ba.

Akwai lokacin da rigar kanta take zama cuta. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Idan za ku yi doguwar tafiya a ƙafa zuwa bakin ruwa, ko rana ta fito kuka koma neman tsuntsayen tudu, cire masa. Kare mai gudu a cikin milimita 5 yana iya zafafa ko da kai kana jin sanyi. A bakin ruwa ake sawa, jikinsa a bushe. Idan an tashi kuma, cire ta nan take, ka goge shi da tawul sosai har gashin ciki, kada ya kwanta a mota da jiƙaƙƙiyar riga.

Ina roƙonka kada rigar ta sa ka saki jiki. Ƙirji da baya kawai ta rufe, ƙafafu da kai da wutsiya duk a waje suke. Samar masa wurin zama da ya ɗaga daga ruwa, ko ɗan dandamali ko katako, a inda iska ba ta dukansa kai tsaye. Karen da ke tsaye cikin ruwa iya ciki tun asuba, ba rigar da za ta cece shi. Ka tafi da ɗan abinci ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, don sanyi yana cinye sukarin jini. Kuma kada ka aike shi kan ƙanƙarar da ta rufe ruwa mai zurfi, ko cikin kogi mai gudu da ƙanƙara a gefe. Agwagwa ɗaya ba ta kai wannan ba.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38.3 da 39.2. Idan ya sauka ƙasa da 37, sanyi ya fara kama shi. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye a jakarka, ta dubura ake aunawa. Makyarkyata kaɗan bayan fitowa daga ruwa ba abin tsoro ba ce, wasu ma zumuɗi ne ke sa su rawa. Abin dubawa shi ne makyarkyatar da ta ƙi tsayawa, kare ya dunƙule, ya soma jinkirin amsa kira, ya ƙi shiga ruwa alhali da da gudu yake faɗawa. Idan Labrado ya ƙi ruwa, ka yarda da shi, farautar ranar ta ƙare. Idan kuwa ya soma tangaɗi, dasashinsa ya yi fari, ko makyarkyatar ta tsaya alhali jikinsa sanyi ƙalau, abin ya yi nisa. Cire rigar, goge shi, naɗe shi da bargo busasshe, sa shi a mota ka kunna ɗumi. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a sa ta a gefen ƙirji da ciki, kada ta taɓa fata kai tsaye, kuma kada a zuba masa ruwan zafi ko a murje ƙafafunsa da ƙarfi. Daga nan sai asibitin dabbobi mafi kusa, ko da ka ga ya fara farfaɗowa a hanya. Wani abin da za ka iya gani washegari shi ne wutsiyarsa ta saki ta rataye, yana jin zafi idan an taɓa gindinta. Tsokar wurin ce ta wahala saboda ruwan sanyi da yawan iyo. Yawanci tana warkewa cikin 'yan kwanaki da hutu, amma a kai shi a duba, kuma kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, don irin su ibuprofen guba ne ga kare.

Kula da rigar ba wuya. Ɗauraye ta da ruwan famfo bayan kowace fita, juya cikinta waje, shanya a inuwa. Rana da injin busar da kaya suna busar da robar ta tsattsage. Ɗaurayar tana da wani amfanin a jiharku, inda hukuma ke matsa wa mutane su tsabtace jirage da kayan ruwa saboda ciyayi da ƙananan halittun da ake kwasowa daga wannan tafki zuwa wancan.

Game da karenka a wannan makon, bar shi ya huta daga riga da ruwa har hammatar ta warke. Wanke wurin da ruwan ɗumi, ka busar, ka hana shi lasa. Idan ka ga yana tsattsafo da ruwa, ko ya kumbura, ko ya yi wari, kai shi a duba. Rigar da ka saya kuwa, idan ba ka yanke ta ba kuma suna karɓa, mayar musu ka ɗauko ta ƙasa da ita. Auna ƙirjin nasa yau da daddare ka turo mini lambar tare da ta wuya, in taya ka duba girman da zai dace kafin ka sake biya.